Mantuwar Yaya Verna

Melbourne, 14 ga Mayu, 1978

Ƙanwata Merle,

Gaisuwa mai yawa gare ki da Ivor. Yaya tarin nasa? Kin ce likitan ma'aikatan haƙar zinariya ya canja masa magani, ina fata an dace. Ni lafiyata ƙalau, ban da gwiwar hagu da ke tuna mini shekaruna sittin da takwas duk lokacin da sanyi ya sauko. Kuma ya sauko.

An buɗe wasanmu ranar Juma'a a gidan wasa na Lyndhurst. Sunansa "Kafin a Kashe Fitila". Mu goma sha ɗaya ne, autar cikinmu shekararta sittin da ɗaya. Waƙa, rawa, barkwanci, guntu-guntu, irin wanda ni da ke muka yi kafin talabijin ta kashe mana kasuwa. Mai shirya wasan, Mista Rennick, bai wuce talatin da biyu ba, gashi har kafaɗa. Yana kiran mu "taurarina", yana ɗaga mana murya kamar duk kurame ne.

Da kin ga jama'a. Tsofaffin mata daga Bendigo da Ballarat, bas-bas, kowace da butar shayinta a jaka. Matasa kuma a bene, sun zo ganin abin mamaki. Ina fitowa dandamali wata a layi na biyu ta ce wa ƙawarta, da muryar da kowa ya ji, "Lah, ashe tana raye." Na rusuna na gode mata. Aka yi tafi kafin in buɗe baki.

Ni da Athol Pym muke rufe wasan. Kin tuna shi? Dogon nan mai sanda da doguwar hula da yake fitowa bayanmu a Adelaide, kafin ki yi aure ki bar ni da sana'a. Yanzu saba'in da uku yake. Matarsa Dulcie ta rasu shekara biyu da suka wuce, kuma na tabbata wasan nan ne kaɗai yake tashinsa daga gado. Sabuwar waƙa aka rubuta mana, ta masoya biyu da suka haɗu a tashar jirgi bayan shekara arba'in. Yana baiti ina baiti, ni ke yin na ƙarshe.

Akwai abin da ke damuna game da mantuwa, Merle, amma ba maganar takarda ba ce. Ki dai yi addu'a a kai ƙarshen Satumba lafiya.

Yayarki,
Verna

Kalgoorlie, 6 ga Yuni

Yaya Verna,

Takardarki ta same mu lafiya. Ivor ya ɗan samu sauƙi, yana fita baranda shan hantsi. Ya ce a gaishe ki, wai ki rage ɗaga ƙafa kada ta maƙale a sama.

Yaya, na yi kwana huɗu ina juya wannan takarda kafin in rubuta. Misis Penhall maƙwabciyata ta je Melbourne bikin jikarta, aka kai ta wasanku. Ranar da ta dawo ba ta ko sauke jaka ba ta leƙo ta katanga, wai yayata ce tauraruwar wasan. Na ji daɗi, na kawo shayi. Sai ta fara ba ni labari.

Ta ce sau uku kika rikice a waƙar ƙarshe. Kika shiga baitin da ba naki ba, mutumin ya dafa ki ya ce, "Nawa ne wannan, Verna," gidan ya ɗauka da dariya. Ta ce har wani mutum a bayanta ya ƙware. Ta ce mutane suna zunguren juna tun kafin ki fito, suna cewa ga mai mantuwar nan. Tana faɗa tana share hawayen dariya, ni kuwa kofin ne kawai nake riƙe kada ya faɗi.

Shekara tara muka yi a dandamali tare, ban taɓa ganin kin kuskure kalma ɗaya ba. Ke kike mintsini na idan na kuskure. Sai na koma takardarki na ga maganar mantuwa.

Haka Mama ta fara, Yaya. Ke ba ki gani ba, kina Brisbane lokacin. Da sunayen kaji ta fara, ta ƙare tana tambaya ta wace ce ni. Don Allah ki je ki ga likita. Kuma idan abin ya zama haka, gara ki sauka da ƙafarki da mutuncinki, kada su mai da ke abin dariya.

Ƙanwarki,
Merle

Melbourne, 15 ga Yuni

Merle,

Na gode Allah da Ivor ya samu sauƙi. Ni ma lafiya.

Na ga saƙo. Ina Brisbane lokacin, haka ne. Shekara ashirin da biyu ke nan, ashe har yau ba ki gama faɗa mini ba. Ina Brisbane ina rawa sau biyu a rana, kina gida kina jinya, kowa ya sani.

Ƙwaƙwalwata lafiyarta ƙalau. Misis Penhall, wadda iyakar saninta da wasa shi ne na yara a coci, ita ce yanzu mai yi mini hukunci? Ke kin sauka da ƙafarki kina ashirin da bakwai. Ba kowa ne yake da wurin sauka ba.

Ki gaida Ivor.

Verna

Kalgoorlie, 21 ga Yuli

Yaya Verna,

Wannan ta uku ke nan tun takardarki ta Yuni, ba amsa. Kullum Ivor yana zaune a baranda yana jiran mai kawo wasiƙa, idan ya wuce sai ya girgiza mini kai ta taga. Jikinsa da dama. Nawa ne babu daɗi, abinci ma ba ya shiga.

Ban ambaci Brisbane don gori ba. Nufina ba ki ga yadda ciwon yake farawa ba, shi ya sa ba za ki gane shi a jikinki ba. Mama ma cewa take yi lafiyarta ƙalau, kuma ta fi kowa fushi idan an yi maganar.

Na kira gidan da kike haya daga wayar gidan waya, sau biyu. Matar gidan ta ce kin fita. Na ji muryarki a bayanta kina cewa ta ce kin fita.

Don haka gara ki ji daga bakina: na rubuta wa Mista Rennick. Mako biyu ke nan. Ban ce masa ya cire ki ba. Na gaya masa labarin Mama ne kawai, na roƙe shi ya sa miki ido, ya rage miki nauyi idan da hali. Ya amsa da ladabi, ya ce shi da ma ya ɗauka da gangan kike yi, amma zai duba.

Ki yi fushi da ni iyakar son ranki. Ki dai rubuto, ko layi ɗaya ne.

Merle

Melbourne, 9 ga Agusta

Merle,

Ina fata kuna lafiya. Ni ba zan ce miki lafiya ba. Ki zauna ki karanta wannan har ƙarshe.

Ba ni ce mai mantuwa ba. Athol ne.

Tun muna gwaji a watan Afrilu na lura. Yana cikin waƙa sai idonsa ya tafi, kamar an kashe fitila a ɗaki. Ɗan lokaci ne, daƙiƙa biyu ko uku. Ya same ni a bayan labule ya riƙe hannuna biyu ya roƙe ni kada in faɗa wa kowa. Ɗansa a Geelong ya riga ya nema masa gidan tsofaffi, dalili kawai yake jira. Na yi masa alkawari.

Sai na samo dabara. Da na ga idon ya fara tafiya, sai in faɗa cikin baitinsa kamar na rikice. Yana jin kalmomin sai su dawo masa, ya dafa ni ya ce nasa ne, ya ci gaba. Ranar farko da na yi, aka yi dariya. Na ce ba komai, a yi da ni, fatata ta yi kauri. Wata uku muna haka. Jarida ta rubuta cewa na fi kowa iya wasa da tsufa. Wannan ita ce mantuwar da na ce tana damuna, kika karanta ta a kaina. Ni kuma da kika ambaci Mama, sunan Brisbane kaɗai na gani a takardar.

Rennick ya kira ni ofishinsa da takardarki a hannu. Ya ba ni kujera, ya ba ni ruwa, ya yi ƙasa da murya, abin da bai taɓa yi ba. Ya tambaye ni ko da gangan nake yi. Ki duba inda kika ajiye ni. Idan na ce da gangan ne, zai tambayi dalilin da ya sa wurin rikicewar yake canjawa kullum, daga nan sai ya juya ya kalli Athol. Na ce masa wani lokaci da gangan, wani lokaci ban sani ba. Ya gyaɗa kai kamar likita.

Washegari ya ce zai rage mini nauyi. Ya karɓe baitin ƙarshe daga hannuna ya ba Athol, shi kaɗai a tsakiyar dandamali, ni kuma in koma can gefe in zauna a benci da akwati, haske a kansa. Layi goma sha biyu sababbi, ga taku ashirin tsakanina da shi. Na roƙa, na yi faɗa. Rennick ya ce don lafiyata ne. Athol kuwa murna yake yi, rabon da a ba shi rufe wasa shi kaɗai tun kafin yaƙin duniya.

Kullum da safe ina zuwa ɗakinsa muna bita. Kwana tara ya yi daidai. Har na fara sakin jiki.

Ranar Asabar a wasan rana, gida cike, har da masu tsayuwa. Ya fara: "Jirgin ƙarfe biyar ya wuce, ni ban wuce ba." Ya yi layi na biyu. Sai ya tsaya. Mai fiyano ya zagayo ya sake ba shi mashiga, bai shiga ba. Daga bene aka fara ƙyaƙyatawa, ta gangaro ƙasa. Wani ya ce, "Ta shafa masa mantuwar!" Gidan ya fashe.

Ni na koya musu, Merle. Wata uku ina koya musu cewa idan tsoho ya yi shiru a waƙar nan, lokacin dariya ya yi.

Athol ya sa hannu ya kare idonsa daga haske, yana dubansu layi-layi. Ya ce, "Dulcie tana nan?" Suka ƙara. Ya sake tambaya, a hankali, ya ce ta ce za ta jira shi a ƙofa. Wata mata a gaba tana bubbuga kujera don daɗi. Na tashi, gwiwar ta ƙi, na ja ta haka nan. Taku ashirin ɗin nan ban taɓa tafiya mai nisansu ba. Na kama hannunsa, ya dube ni bai san ni ba, amma da na sa hannunsa a ƙuguna ƙafarsa ta tuna aikinta. Muka yi rawa har bayan labule. Sandar ta faɗi, aka yi mata tafi ita ma.

Sun miƙe tsaye, Merle. Karo na farko tun da aka buɗe wasan. Sau huɗu ana ɗaga labule, shi kuwa yana zaune a kan akwatin kaya yana rawar ɗari, wandonsa a jiƙe. Wasu 'yan kaɗan sun gane. Wata tsohuwa ta zo ƙofar baya, ta miƙa wa mai gadi bargon da ta zo da shi ta ce a lulluɓe shi.

Ɗansa ya zo ranar Lahadi ya tafi da shi. Ya ce mini da na faɗa tun Afrilu da uban bai tozarta a gaban mutum ɗari tara ba. 

Na rubuta miki takarda biyu kafin wannan, na yaga. Cike suke da laifinki. Da na sake karantawa sai na ga rabin laifin da hannuna aka yi shi.

Verna

Kalgoorlie, 15 ga Agusta

Yaya,

Na karanta a tsaye a bakin ƙofa, Ivor ne ya karɓe takardar ya zaunar da ni. Garin neman gira na jawo an rasa ido. Ban san da wane baki zan ba ki haƙuri ba, balle shi. Ki aiko mini da adireshin gidan da aka kai shi. Na san ba zai gane sunana ba, amma zan rubuta.

Abu ɗaya zan faɗa ko da za ki sake fushi. Da na kai layin da kika ce ba ke ba ce, na yi hamdala kafin in ji tausayinsa. Kunya nake ji, amma gaskiyar ke nan.

Yanzu ya za a yi da waƙar?

Merle

Melbourne, 25 ga Agusta

Merle,

Na samu taki. Maganar haƙuri a bar ta, mu biyu ne a ciki. Na je Geelong ranar Litinin. Yana da tsabta, yana cin abinci, ya ɗauka ni ma'aikaciyar gidan ce, ya ce in gaya wa masu dafa abinci dankalin ya yi ruwa.

Ni kaɗai nake waƙar yanzu, duka baitocin. Rennick ya so in ci gaba da rikicewa, wai abin da mutane suke zuwa gani ke nan. Na ce masa ya nemi wata. Ya haƙura, don babu wata.

Ranar farko 'yan kallo sun yi ta jira in rikice. Ina jin su, duk inda na ja numfashi sai wani ya fara dariya ya haɗiye. Da na kai ƙarshe ba kuskure, aka yi tafi irin na ladabi. A hanyar fita na ji wani yana ce wa matarsa an cuce su, yau tsohuwar ba ta yi abin ba. Amma kwana biyu bayan haka aka yi shiru a baitin ƙarshe, irin shirun da ke ma kin sani, wanda ko tari babu. Na ce ashe da saura.

Ga abin da ya sa na rubuto. Jiya Alhamis, a baiti na uku, na buɗe baki ban sami komai ba. Babu kalma, babu farkonta, fari fat. Ban san tsawon lokacin ba. Suka yi murna, suka yi tafi, abin da suke jira ya zo. Mai fiyano ya raɗa mini layin na ci gaba. Rennick ya rungume ni a baya ya ce ya gode da na canja ra'ayi.

Ban canja ra'ayi ba, Merle.

Wataƙila gajiya ce. Baitin Athol ne, ba nawa ba tun asali. Na gaya wa kaina haka sau ɗari. Yau da safe na zauna na jera sunayen duk garuruwan da muka yi wasa, daga Cairns har Albany, ban rasa ko ɗaya ba. Amma ke kika ga farkon na Mama. Ki gaya mini gaskiya, haka yake?

Saura mako biyar a rufe.

Yayarki,
Verna

Kalgoorlie, 30 ga Agusta

Yaya,

Ban sani ba. Mama ba ta taɓa tsorata da mantuwarta ba, mu ne muka tsorata. Ke kuwa kin tsorata, wataƙila alama ce mai kyau. Iyakar abin da na sani ke nan, ba zan ƙara miki da ƙarya ba.

Misis Penhall ta yarda za ta kula da Ivor. Ta ce bakinta ya jawo, dole ƙafarta ta biya. Zan hau jirgin ƙasa ranar goma sha biyu. Ki rubuto mini baitocin gaba ɗaya yau-yau, da manyan baƙaƙe, ki sa a wasiƙar jirgin sama. Kwana biyu da rabi a jirgi ba abin kallo sai fili, zan haddace. Ki sa a ajiye mini kujera kusa, inda za ki ga bakina.

Likita kuma tare za mu je, ba shawara nake ba ki ba.

Merle

Melbourne, 17 ga Satumba

Ivor nawa,

Na iso lafiya, ƙafafuna sun kumbura amma sun saɓe. Kana shan maganin rana? Kada ka ce wa Misis Penhall ka sha alhali yana aljihunka, na gaya mata ta duba.

Verna ta rame. Ta tare ni a tasha, abin da ta fara cewa shi ne rigata ta tsufa.

Jiya na shiga wasan rana, layi na uku, daidai tsakiya. Ivor, na manta yadda take a dandamali. Matar da na taimaka wa ta hau matakala da safe, ita ce ta fito kamar an zare mata shekara talatin. Da aka zo waƙar ƙarshe, mutanen kusa da ni suka gyara zama. Na baya yana ce wa ɗansa ya sa ido, yanzu za ta yi. Na ji kamar in juya in mare shi da jaka.

Na bi ta kalma-kalma da leɓena. Ashe har sauti yana fita, matar da ke gefena ta taɓa ni ta ce, "Baiwar Allah, ita muka zo ji." Ban kula ta ba. Baiti na ɗaya, na biyu, lafiya. A na uku Verna ta ja numfashi, ya ɗan yi tsawo, ta sauke ido a kaina. Na buɗe baki sosai na yi mata layin. Ta ɗauka ta wuce har ƙarshe. Ba wanda ya yi dariya, ba su samu wuri ba. Mutumin bayana ma na ji yana fyace hanci.

Na same ta a ɗakin shiri tana goge kwalliya. Na tambaye ta ko ɓacewa ya yi da ta dube ni. Ba ta juyo daga madubi ba. Ta ce dubawa ta yi ta ga ko na yi barci, tunda a gidanmu ni ce mai barci a coci. Amma wuri ɗaya take ta gogewa da audugar, sai na karɓa na ƙarasa goge mata.

Likita ya ba mu ranar Talata. Saura wasa goma sha shida, kuma ta sa an riƙe mini kujerar har ƙarshe. Ka yi haƙuri da girkin maƙwabta zuwa Oktoba.

Matarka,
Merle